Koren Allo a Ƙofar Baba

Litinin, bayan an tashi daga aiki

Yau Boka ya fitar da sabuwar taswira. Boka sunan da muka laƙaba wa manhajar ofishinmu ne. Muna ɗura masa hotunan da aka ɗauko daga sama, da tsawon ciyawa, da gangaren ƙasa, da hanyar da iska ta saba bi, shi kuma ya faɗa mana gidan da wutar daji za ta ci in ta zo. Ja, rawaya, kore. Aikina ke nan, in ciyar da shi, in kuma fassara wa mutane abin da ya ce ba tare da na sa su kuka ba.

Unguwar kan tudu duk ta yi ja. Dama na sani, damina ba ta yi abin kirki ba, dajin da ke bayan unguwar ya bushe ƙamas. Duk da haka sai da na yi ta matso da hoton har na ga rufin da na girma a ƙarƙashinsa, da rumfar da Baba ya kafa da hannunsa, da tulin katakonsa jingine da bango. Jajawur.

Dogo, abokin aikina mai fita duba gidaje da ƙafarsa, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wannan ba gidan tsohonki ba ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Sai haƙuri," ya koma kujerarsa. Haushi ya kama ni, na rasa na wane ne.

Talata, da hantsi

Na kira Yaya. Ya ce, "To ai ke ce kusa, kuma ke kika karanci abin." Shi kullum haka, yana can nesa yana raba wa mutane aiki ta waya. Na ce Baba ba zai ji maganata ba. Ya ce, "In bai ji ta Auta ba, ta wa zai ji?" Daga nan ya shiga ba ni labarin motarsa.

Laraba, da yamma

Na hau tudu. Hanya ɗaya tilo ce ke shiga unguwar, ita ce kuma ke fita, ga lanƙwasa, ga itatuwa sun rufe ta hagu da dama. Tun ina yarinya nake son hanyar nan. Yau ina tuƙi ina auna yadda za ta zama in motoci suka cunkushe hayaƙi ya rufe. Aikin nan ya ɓata min ido, ban ƙara ganin itace ban ga makamashi ba.

Na sami Baba yana goge wani katakon da ba wanda ya ba shi aikinsa. Tun rasuwar Inna ya ce ya bar kafinta, amma a baki ya bari.

"Auta, ya bokan naki? Ya gano wanda ya ari gudumata bai dawo da ita ba?"

Na nuna masa taswirar a waya. Ya riƙe ta nesa da ido ya ce jan ya yi wa rufin kyau. Na ce ya zo ya zauna wurina har ruwa ya sauka.

"In bar gidana in je in lafe a benenki kamar tantabara? Ko wurin buga ƙusa ba ki da shi."

Na roƙe shi, na yi fushi, na sake roƙo. Ko a jikinsa. Da zan tafi ya cusa min lemo biyu a jaka kamar wadda ta dawo daga makaranta.

Alhamis, da safe

Ba ruwa. Sama tas.

Asabar, da tsakar rana

Na koma da wata dabara. Tunda ba zai sauko ba, bari a gyara gidan.

Na zagaya da shi ina nuna masa. Na ce mutane suna zaton wuta ce ke tahowa gaba ɗaya ta haɗiye gida, alhali yawanci ba haka ba ne. Tartsatsi ne iska ke kwasowa, ya riga wutar isowa da nisa, ya sauka a indararo mai cike da busasshen ganye, ya shiga ta kafar iskar da ke ƙarƙashin rufi, ya maƙale a tulin katako. Daga ƙaramin abu gida ke kamawa. Wannan ta shige shi, don magana ce irin ta masu aikin hannu. Da na zo kan rumfa sai ya ɗaure fuska. A ƙarƙashinta Inna ke zama da yamma.

"To in na rushe rumfata, na kwashe katakona, sai me?"

Na ce haɗarin zai ragu ƙwarai.

"Ragu? Auta, ni in na yi wa mutum kujera ba na ce masa haɗarin faɗuwarsa ya ragu. Ko ta ɗauke shi, ko ba ta ɗauke shi ba."

Akwai maganar da ba ma faɗa a ofishinmu, tun ranar da aka ɗauke ka aiki ake ja maka kunne a kanta. Boka ba ya alkawari, kai ma kada ka yi. Amma ga tsoho tsaye yana jira, ga daji a bayansa, ga ni na gaji tilis. Na ce, "Baba, in ka yi duk abin da na faɗa, wuta ba za ta ci gidan nan ba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in riƙe masa tsani.

Na dawo gida raina fes. Rabon da in ci abinci ya shige ni haka har na manta.

Litinin, da rana

Ya kira ni ina tsakiyar taro, wai wace irin raga ake sa wa kafar iska, mai ƙananan ido ko mai manya. Ya sake kira, wai tsakuwar da zai zuba gefen bango, faɗinta nawa. Tsohon da ya ce bokanci nake yi, yau ya fi ni zaƙewa.

Laraba, da yamma

Rumfa ta sauka. Bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ɗaya bayan ɗaya yake cire katakon, ya zare ƙusa, ya miƙar da ita a kan dutse, ya jefa a gwangwani. Wurin ya yi fili, rana ta faɗa kan bangon da bai taɓa ganinta ba, fentinsa ya fi na sauran duhu. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Maƙwabciyarsa, Maman 'yan biyu, ta tsaya a bakin shingenta tana kallonmu. Nata gidan ma ja ne: shingen katako har jikin bango, ciyawa har gwiwa, mijin direban babbar mota, sai ya yi wata bai kwana gida ba.

"Mu kam ba mai yi mana wannan aikin," in ji ta. "Tun da kuka ce mana ja, na gaya wa yara, da mun ji jiniya sai mota. Ba na jiran kowa."

Baba ya ce, "Ke da gudu dai, 'yata, ko kaza ta yi atishawa." Ta yi dariya ta ce ta ji, gara a yi mata dariya.

Juma'a, da safe

Ba ruwa. An sake ɗura wa Boka bayanan wannan makon, jan ya ƙara duhu. Ogan ofishinmu ya ce daga yanzu ba mai ɗaukar hutu.

Talata, da yamma

Dokar ofis ce, ba ka auna gidan ɗan'uwanka. Don haka Dogo ne ya je, ni na tsaya a waje kamar baƙuwa. Ya hau rufi, ya leƙa indararo, ya tura yatsa a raga, ya auna nisan katakon da Baba ya mayar can ƙarshen fili. Baba na biye da shi hannu a baya, irin tafiyar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Dogo ya ce bai taɓa ganin gidan da aka gyara da tsafta haka ba. Ya ciro wani ƙaramin koren allo daga jaka zai kafa a ƙofa, Baba ya karɓe gudumar ya ce, "Kawo, ɗana, za ka karkata shi."

Allon na 'yan kwana-kwana ne. In sun shigo unguwa cikin gaggawa, shi ke nuna musu gidan da zai iya jure wuta, wanda in da hali za su tsaya su kare. Ma'anarsa ke nan, ba ta wuce nan ba. A duk layin, ƙofar Baba ce kaɗai ke da shi. Ya goge shi da hannun riga, baki har kunne.

Laraba, da yamma

Mun yi faɗa.

Na ce to yanzu saura ya ware magungunansa da takardunsa wuri guda, ranar da aka ce a fita, ya bi Maman 'yan biyu a motarta. Ya ce, "A fita a je ina?"

Na ce, "Baba, koren nan na gida ne, ba na mutum ba. Bango ba ya numfashi. Wuta tana iya wucewa ta bar gidan tsaye, amma hayaƙi da zafi ba za su bar wanda ke ciki ba."

"Da bakinki kika ce ba za ta ci ba."

"Gidan na ce!"

"To ni ina zan kasance? Ba cikin gidan ba?"

Na yi bayani ta nan, na ɓullo ta can. Ya ce wato na sa shi ya rushe rumfar uwata don ya gudu ya bar wurin? Wa zai taka tartsatsin da na ce yana sauka? Ya ce ya cika duro biyu da ruwa, ya sayi sabon tiyo. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "Auta, ko dai ba ki yarda da aikinki ba ne? Ni na yarda da shi."

Na tafi ban yi sallama ba.

Alhamis, da rana

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ki bar shi, in ya ga hayaƙi da kansa zai fito." Ina so in yarda.

Asabar, da safe

Ba ruwa. Iska ta juya, daga bayan tudu take zuwa, busasshiya, mai zafi.

Na kira Baba na ba shi haƙuri. Ya ce ai ya manta. Na ce ko kwana biyu ya zo ya yi min. Ya ce sai ya gama share indararo, ganye ya sake zuba.

Litinin, da tsakar rana

Wuta ta tashi can bayan tsaunuka. An mayar da mu babban ɗakin da 'yan kwana-kwana ke jin bayani, kowa da allon kwamfuta a gabansa. Boka ya ce in iska ta tsaya haka, kwari za ta bi, ba za ta hau tudu ba. In ta tsaya.

Na kira. Yana jin rediyo. Ya ce, "Ki yi aikinki, mutane na jiranki."

Talata, da hantsi

Ba ta tsaya ba.

Talata, da rana

An busa jiniya a unguwar. Ni na ba Oga layukan da za a fara kwashewa, namu ne na farko. Na kira, ya ɗauka, ina jin ƙarar tiyo.

"Baba, ka fita yanzu. Don Allah, don darajar Inna."

"Kin ga, tartsatsi ɗaya ya sauka kan tsakuwa ya mutu da kansa. Kamar yadda kika ce, wallahi."

Na ce zan zo. Oga ya ce an rufe hanya, masu saukowa kaɗai ake bari. Dogo ya ƙwace mukullin motata ya hana ni. Na zage shi a gaban mutane.

Maman 'yan biyu ta kira daga cikin mota, yara na kuka a bayanta. Ta ce ta buga ƙofa, ta ja shi da hannu, ya nuna mata allon ya ce ta tafi da yara.

Na ba motar kwana-kwana lambar gidan. Na sake ba su. Waya ta daina shiga.

Laraba

Asibiti.

Alhamis, da yamma

'Yan kwana-kwana sun sami Baba a ɗakin tsakiya, ya toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Ko gashinsa bai babbake ba. Likita ya ce huhun ne. Ya yi min dogon bayani da adadi, kaza cikin ɗari, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Na san irin wannan maganar, ni ma da ita nake cin abinci. Ban taɓa sanin haka take a kunne ba.

Yaya ya iso. Ya rungume ni, daga nan bai ƙara kallon idona ba.

Asabar, da safe

Baba ya farka. Ya janye robar numfashi da kansa, muryar kamar ana goga katako.

"Gidan fa?"

Na ce yana nan.

"Duka?"

Na ce duka, gilashin taga ɗaya ne ya tsage.

Ya lumshe ido yana murmushi. Da ma'aikaciyar jinya ta zo mayar masa da robar, sai ya kama hannunta ya nuna ni. "'Yata ce. Ita ta ce ba zai ci ba." Matar ta ce ma sha Allah, ta yi min murmushi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, da rana

Barci yake. Yaya ya tambaye ni me allon yake nufi. Na faɗa masa. Ya ce, "Shi ya san haka?" Na ce na gaya masa. Ya ce, "Kafin a kafa allon ko bayan?" Na tashi na fita.

Litinin

Ba zan rubuta yau ba.

Juma'a, da yamma

Masu zuwa gaisuwar rasuwar Baba sun ragu. Kowa ya zo sai ya ce ya huta, lokaci ne. Na sani. Ina amsawa.

An yi yayyafi da safe, bai ko jiƙa ƙasa ba.

Laraba, bayan an tashi daga aiki

Na koma ofis, zaman gida ya fi ƙarfina. An gama zagayen bayan gobara, ana gwada abin da Boka ya faɗa da abin da ya faru. Bai taɓa dacewa irin wannan karon ba. Duk jan da ya nuna a layinmu ya zama toka, koren guda ɗaya yana tsaye. A lissafinsa gidan Baba yana cikin waɗanda aka yi nasara, don gidaje yake ƙirgawa, ba mu taɓa koya masa ƙirga wani abu ba.

Oga ya fara cewa hoton gidan zai yi amfani wajen wayar da kan jama'a, Dogo ya taka masa ƙafa, Oga ya katse maganar ya hau tari.

Na tambayi Dogo mutum nawa aka rasa a gidajen ja. Ya ce in bari. Na ce ya faɗa. Ya ce babu, duk sun gudu tun jiniyar farko.

Asabar, da la'asar

Mun hau tudu ni da Yaya don kwashe kayan Baba. Hanyar ta yi tsirara, itatuwa baƙi ƙirin kamar sandunan gawayi. Layinmu babu komai sai bulo da lanƙwasassun kwanon rufi, sai gidanmu a tsakiya, fari, ba abin da ya same shi. A ciki ƙauri ya kama labule da katifa. Gilashin idonsa na kan rediyo.

Yaya ya ce shi ba zai iya zama a nan ba, ni ma na ce haka.

Ta taga na hango Maman 'yan biyu a inda gidanta yake a da, tana tona toka da sanda, yaran na zaune kan wani bulo. Tun ranar suna kwana a ajin makaranta tare da wasu iyalai. Na dubi Yaya, ya gyaɗa kai. Karo na farko ke nan da muka yarda da abu ɗaya tun zuwansa.

Na fita na same ta. Ta yi min gaisuwa, ta yi kuka, ta ce ta ja shi har rigarsa ta yage. Na ce na sani. Na ciro mukullin na ce su shiga gidan, su zauna har su sake gini, ko shekara nawa ne.

Ta toshe baki da hannu. Ta yi ta addu'a har na ji kunya. Sannan ta miƙo hannu ta kama mukullin, ta juya ta dubi gidan, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Yau zan yi barci. Gidan nan ko wuta ta dawo ba inda za mu, tunda ba ta cinsa."

Ban saki mukullin ba. Ta ja, na riƙe.

"Anti, lafiya?"

Na ce sai ta rantse min. In ta ji jiniya za ta kwashi yaranta ta gudu, ko gidan na ƙarfe ne, ko wa ya ce mata me, ko ni ce na faɗa. Ban san da ƙarfi nake magana ba sai da na ga yaran sun miƙe tsaye, Yaya ya fito bakin ƙofa.

Ta rantse. Ta rantse ne don ta ga ina kuka, idonta kuwa yana kan gidan. Ban yarda da ita ba, amma yamma ta yi, yara ba su da wurin kwana. Na saki.